Kaifin farar giyar Chablis: me ya fito daga sanyi, me ya fito daga noman bio?

Masu sharhi kan giyar inabi a Turai suna da wata kalma da suke yaba farar giya da ita, wadda mafi kusa da ma'anarta a Hausa ita ce kaifi. Suna nufin abin sha da zai taɓa harshe da tsami mai tsabta, babu zaƙi, babu nauyi, ya tsinka yawu a gefen muƙamuƙi, sannan ya wuce ya bar baki a wanke. Duk wanda ya taɓa tsotsar tsamiya ya san rabin abin da suke nufi. Idan kuma kwalbar tana ɗauke da tambarin koren ganye na Tarayyar Turai, wanda ke nuna an noma inabin ta hanyar bio, wato ba tare da takin zamani ko maganin feshi na masana'anta ba, sai mai sayarwa ya haɗa abubuwan biyu cikin numfashi ɗaya, ya ce kaifin nan daga tsabtar gonar ya fito. Wannan magana tana da daɗin ji, amma tana bukatar a warware ta zare-zare, domin akwai gaskiya a cikinta, akwai kuma ƙarin gishiri.

Na san mafi yawan masu karanta wannan rubutu ba sa shan giya, Musulunci ya haramta ta, kuma ba kiran kowa zuwa gare ta nake yi ba. Noman ne ya ja hankalina. Da wuya a sami wani amfanin gona a duniya da aka bi diddiginsa gona bayan gona, shekara bayan shekara, tsawon ƙarnoni, kamar yadda aka bi inabin giya, saboda haka duk mai son ya fahimci abin da ƙasa da yanayi da hannun manomi ke yi wa ɗanɗanon 'ya'yan itace zai sami hujjoji a nan fiye da ko'ina. Misalin da ya fi dacewa da wannan tambaya shi ne Chablis, wanda Faransawa ke furtawa Shabli.

Chablis ƙaramin gari ne a gundumar Yonne, can arewacin yankin Burgundi na Faransa, kimanin kilomita 180 kudu maso gabas da Paris, a bakin wani ƙaramin kogi mai suna Serein. Sufaye 'yan ɗarikar Sistasiya na gidan ibadar Pontigny, wanda aka kafa a 1114, suna cikin waɗanda suka bunƙasa garkunan inabi a wurin. A 1938 hukuma ta kare sunan da doka, kuma dokar ba ta yarda a yi giyar Chablis da kowane irin inabi ba sai Chardonnay. Wannan batu yana da muhimmanci, domin Chardonnay ɗin nan shi ne ake nomawa a Kalifoniya da Ostireliya da Afirka ta Kudu, inda sau da yawa yake ba da giya mai kauri mai ƙamshin abarba da mangwaro. Iri ɗaya ne, amma a Chablis sai ya fito siriri, mai ƙamshin lemun tsami da ɗanyen tuffa. Tun daga nan za a gane cewa wurin yana da babban rabo a cikin maganar.

Kaifi dai tsami ne, kuma tsamin inabi iri biyu ne manya. Na farko shi ne wanda masana ke kira tatarik, kuma tsamiyarmu tana cikin 'yan tsirarun 'ya'yan itatuwa da suke da shi da yawa kamar inabi. Shi wannan tsami yana da juriya, zafin rana ba ya cin sa sosai, kuma shi ne yake haɗuwa da sinadarin fotasiyam ya taru a gindin kwalba kamar ƙananan ƙwayoyin gilashi idan giyar ta yi sanyi ƙwarai. Na biyu shi ne malik, tsamin ɗanyen tuffa, wanda ya fi cizo a harshe amma ba shi da ƙarko. Yayin da 'ya'yan inabi ke nuna, kuringar tana ƙona wannan tsami a matsayin abinci, kuma iya zafin gari iya saurin ƙonewarsa. A wurin da dare ke da ɗumi, malik yana zubewa tun kafin inabin ya gama nuna. A Chablis, inda darare ke da sanyi ko a watan Agusta, inabin yana tara sukari a hankali alhali tsaminsa yana nan. Sakamakon shi ne giya mai kimanin giram 6 zuwa 9 na tsami a kowace lita, da ma'aunin ƙarfin tsami na pH tsakanin 3 da 3.4, da barasa kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari. Sukarin kuwa yisti ya cinye shi kusan ƙarƙaf, domin kimanin giram 17 na sukari a lita ne ke zama kashi ɗaya cikin ɗari na barasa, kuma ba a tsayar da aikin sai abin da ya rage ya kasa kai yadda harshe zai ji.

Bayan sanyi sai ranar girbi. Tsakanin inabin da bai kai ba, wanda zai ba da tsami mai daddatsa haƙori da warin ɗanyen ganye, da inabin da ya wuce, wanda zai ba da giya mai laushi marar ƙashi, tazarar kan zama 'yan kwanaki kawai. Manomi yana zagaya gonarsa da safe, yana tsinkar ƙwaya ɗaya nan ɗaya can, yana matse ruwanta a kan wata 'yar na'ura mai auna sukari, yana tauna fatar, yana duba ko ƙwallon ciki ya koma ruwan ƙasa daga kore. A ganina wannan shawara ta rana guda ta fi kowace shawara tasiri a kan kaifin giyar, kuma babu takardar shaida da za ta yanke wa manomi ita.

A ɗakin sarrafawa ma akwai abubuwan da ke ƙara kaifi ko su dushe shi. Farar giya ana matse ruwanta ne a raba shi da fata tun da wuri, shi ya sa ba ta da baurin da jar giya ke da shi. Idan aka tsima ruwan a tankin ƙarfe marar tsatsa, cikin sanyi, ƙamshin 'ya'yan itacen yana fitowa tsaf. Idan aka zuba shi a sabuwar gangar katakon oak, sai ya ɗauki ƙamshin itacen, ya yi kauri. Mafi yawan Chablis na yau da kullum a tanki ake yin sa, wasu kuma suna amfani da tsofaffin ganguna waɗanda ƙamshinsu ya riga ya fita. Akwai kuma mataki na biyu da mutane da yawa ba su sani ba: wasu ƙwayoyin halitta suna juya tsamin malik ya zama laktik, wato tsamin da muka sani a nono da kindirmo, wanda ya fi taushi. Masu yin Chablis galibi suna barin wannan juyi ya faru, domin tsamin inabinsu yana da yawan da ko an tausasa shi kaifin ba zai tafi ba. Sannan suna barin giyar ta kwanta watanni a kan diddigar yistin da ya mutu, abin da ke ba ta ɗan jiki don kada tsamin ya tsaya tsirara.

Yanzu sai ƙasa, kuma a nan ne labari ya fi yawa. Gangaren Chablis masu daraja suna kan wata ƙasa mai haɗin yumɓu da dutsen farar ƙasa da ake kira Kimmeridgian, sunan da aka ɗauko daga ƙauyen Kimmeridge na kudancin Ingila. Ta samu ne kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce, lokacin da teku marar zurfi ya rufe yankin. Wanda ya sunkuya tsakanin layukan kuringa ya ɗauki dunƙulen dutse mai launin toka ya juya shi a tafin hannu, zai ga ƙananan bawon kawa masu lanƙwasa kamar waƙafi, waɗanda ba su wuce girman farce ba, sun manne a jikinsa birjik. Gonaki bakwai mafiya daraja, waɗanda ake kira Grand Cru, wato Les Clos, Vaudésir, Valmur, Grenouilles, Blanchot, Les Preuses da Bougros, duk suna kan gangare ɗaya mai fuskantar kudu maso yamma a tsallaken kogi daga garin, kuma gaba ɗayansu kimanin hekta 100 ne kacal. Da mutum ya ga bawon kawa a gona, sannan ya ji ɗan gishiri-gishiri a cikin giyar, abu ne mai sauƙi ya ce ai tsohon tekun nan yake sha.

Masanin duwatsu Alex Maltman na Jami'ar Aberystwyth da ke Birtaniya ya daɗe yana jayayya da wannan fassara, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Saiwa ba ta tsotsar dutse, narkakkun sinadarai take ɗauka, kuma adadin da ke isa cikin giya ya yi ƙanƙanta da a ce harshe ya rarrabe dutsen da suka fito. Warin ƙanƙarar bindiga da Faransawa ke yawan ambata game da Chablis, masana sun fi danganta shi da wasu sinadarai masu farar wuta da ke samuwa yayin da yisti ke aiki. Wannan bai rage wa ƙasar daraja ba. Aikinta yana bi ne ta hanyar ruwa da abinci: yumɓun yana riƙe laima lokacin fari, dutsen yana tsiyayar da ruwa lokacin damina, rashin ƙarfin ƙasar kuma yana hana kuringa yin ganye barkatai. Kuringar da ta ɗan sha wuya tana ba da ƙananan 'ya'ya masu cikakken ɗanɗano.

To ina noman bio ya shigo? Bio ita ce kalmar da Faransawa ke amfani da ita, kuma ba kirari ba ce, doka ce mai sharuɗɗa. Manomi ba zai sa takin zamani ba, ba zai fesa maganin ciyawa ba, ba zai yi amfani da magungunan ƙwari da na fumfuna da aka haɗa a masana'anta ba, kuma sai gonarsa ta yi shekara uku a kan wannan tsari, masu bincike suna zuwa dubawa, kafin ya sami damar liƙa tambari. Kafin 2012 dokar Tarayyar Turai ta tsaya ne a gona, abin da ake iya rubutawa kawai shi ne giyar da aka yi da inabin bio. Daga girbin 2012 aka shigar da ɗakin sarrafawa cikin dokar. Babban abin da aka taƙaita shi ne sinadarin farar wuta da ake sa wa giya don kada iska ko ƙwayoyin halitta su lalata ta: a farar giya marar zaƙi iyakar ita ce miligiram 150 a lita, alhali a giyar da ba ta bio ba ana yarda har 200. A Amurka dokar ta fi tsanani, ba a yarda a ƙara farar wuta ko kaɗan ga giyar da za a kira ta bio kai tsaye ba. Farar giya ta fi jar giya bukatar wannan kariya, tunda ba ta da sinadaran fata da ke tare mata iska, kuma farar giyar da iska ta shige ta takan rasa kaifinta, ta koma da ɗanɗanon tuffar da aka yanka aka bari ta yi baƙi.

Yana da kyau a lura da abin da dokar ba ta hana ba. Ta yarda a zuba yistin da aka saya, ta yarda a ƙara sukari don ɗaga barasa a inda dokar yanki ta halatta, ta kuma yarda a ƙara tsamin tatarik. Ke nan a shekara mai zafi, wani ɓangare na kaifin giyar bio ma yana iya fitowa daga buhu. Tambarin alkawari ne game da yadda aka bi da gona da abin da aka sa a tanki, bai yi wa kowa alkawarin ɗanɗano ba.

Duk da haka ba zan ce babu alaƙa ba, domin akwai ta, sai dai a kaikaice take. Jami'ar Geisenheim ta Jamus ta fara wani dogon gwaji a 2006 a kan inabin Riesling, inda aka raba gona ɗaya aka noma ta da tsare-tsare daban-daban. Abin da ya fito fili shi ne kuringar da aka noma ta hanyar bio ba ta yin tsiro da ƙarfi kamar sauran, kuma amfaninta ya fi kaɗan. Dalilin ba boyayye ba ne. Idan babu takin zamani mai saurin narkewa, kuma an bar ciyawa da dangin wake suna tsiro tsakanin layuka suna gasa da kuringa wajen ruwa da abinci, ganye yana raguwa, nonnan inabin ba ya cushewa, iska da haske suna ratsa shi, ruɓewa kuma tana raguwa. Inabi mai lafiya yana bai wa manomi damar ya zaɓi ranar girbinsa da kansa, maimakon ruɓa ta kore shi daga gona. Haka nan ƙasar da ake ciyar da ita da takin gargajiya, wadda tana ke hudawa, tana shan ruwan sama maimakon ta bar shi ya kwashe ta zuwa gindin gangare, kuma a gangaren Chablis zaizayar ƙasa ba ƙaramar matsala ba ce. Wani bincike da Magali Delmas ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta yi tare da abokan aikinta, wanda aka buga a 2016, ya duba makin da masu sharhi suka bai wa giyar Kalifoniya sama da 74,000, ya kuma gano cewa masu takardar shaidar bio sun ɗan fi samun maki. Amma irin wannan bincike ba ya iya rarrabewa tsakanin tasirin tsarin da tasirin mutumin da ya zaɓi tsarin. Manomin da ya ɗora wa kansa noman bio a wuri mai laima kamar Chablis, dole ne ya kasance mai shiga gonarsa kusan kullum, kuma na fi karkata ga cewa wannan sa ido shi ne rabin bambancin da ake ji a kofi.

Dole ɗin tana da tushe a tarihi. Manyan cututtukan inabin Turai uku duk daga Amurka suka shigo a ƙarni na 19: farar fumfuna a wajajen 1850, ƙwaron filoksera mai cin saiwa a 1863, sannan fumfunar laima a 1878. Filoksera an shawo kansa ta hanyar aure, kamar yadda masu lambu ke yi wa mangwaro, aka ɗora reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka mai jure ƙwaron. Chablis ta sha kashi a wancan zamani, ga ƙwaro, ga jirgin ƙasa da ya fara kawo wa Paris giya mai arha daga kudu, har garkunanta suka ragu zuwa kimanin hekta 500 a shekarun 1950, alhali yau sun haura 5,000. Fumfuna kuwa har gobe sai da feshi. Manomin bio yana da makamai biyu kawai na gaske: farar wuta don farar fumfuna, da jan ƙarfe don fumfunar laima, wato haɗin nan na Bordeaux da masanin tsirrai Millardet ya bayyana a 1885, wanda ake dama gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa. Matsalar ita ce maganin a saman ganye yake zama, ba ya shiga jikin tsiro, saboda haka ruwan sama mai ƙarfi yana wanke shi, kuma kowane sabon ganye da ya fito ba shi da kariya. A shekara mai yawan ruwa manomi kan yi feshi fiye da sau goma, yana kallon sama yana neman sa'o'in da ƙasa za ta ɗauki tarakta.

A nan ne gizo ke saƙa. Jan ƙarfe ba ya ruɓewa, taruwa yake yi a ƙasa, kuma idan ya yi yawa yana cutar da tana da ƙananan halittun da noman bio ya fito don ya kare. Saboda haka daga 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 a kowace hekta cikin shekara bakwai, wato kilo 4 a shekara idan an raba. Yawan zirga-zirgar tarakta don feshi da noman ciyawa yana danne ƙasa, yana kuma cin mai. Masu noman bio na gaskiya ba sa ɓoye wannan, suna ta neman hanyar rage jan ƙarfen da jiƙon ganyayyaki da kuma daidaita lokacin feshi da hasashen yanayi. Shekarar 2024 ta gwada su ƙwarai: ƙanƙara ta faɗo wa Chablis a ranar 1 ga Mayu, ruwa ya ƙi ɗaukewa, fumfuna ta bazu, girbi ya yi ƙaranci matuƙa. Duk da irin wannan wahala, kusan kashi ɗaya cikin biyar na garkunan inabin Faransa suna cikin tsarin bio ko suna kan hanyar shigarsa, kuma a Chablis akwai gidajen da suka yi suna da shi, kamar iyalin Brocard na ƙauyen Préhy, waɗanda wasu gonakinsu ke bin tsarin da ya samo asali daga laccocin da masanin falsafa Rudolf Steiner ya gabatar a 1924, mai ƙarin sharuɗɗa a kan na bio.

Sanyin da ke bai wa Chablis kaifinsa shi ne kuma yake iya kashe amfanin shekara cikin dare ɗaya. A watan Afrilu, lokacin da toho ya fara buɗewa, iska mai daskarewa tana gangarowa ta kwanta a kwari kafin asuba. A 1957 ta kusan share girbin gaba ɗaya, kuma daga wajajen lokacin ne manoma suka fara kunna wuta a gonaki. A Afrilun 2021 duniya ta ga hotunan: gwangwanayen kyandir ɗaruruwa a kowace hekta suna ci a layi-layi cikin duhu, mutane sanye da manyan riguna suna bi suna kunnawa da ƙarfe biyu na dare, hayaƙi ya lulluɓe gangare. Wasu kuma ruwa suke fesawa ba ƙaƙƙautawa har ya daskare a kan tohon, domin ruwa yana sakin ɗan ɗumi yayin da yake daskarewa, sai tohon ya zauna cikin kwasfar ƙanƙara a ma'aunin da bai kai na kisa ba. Da gari ya waye sai a ga kowane reshe yana ƙyalli kamar an zuba masa gilashi. A irin wannan dare babu bambanci tsakanin manomin bio da maƙwabcinsa, dukansu suna tsaye a gona ɗaya da fitila a hannu.

Abin da ya fi tayar wa manoman hankali yanzu shi ne yanayin da kansa yana sauyawa. Masu bincike da suka tattara ranakun girbi na garin Beaune, a Burgundi, tun daga 1354, sun nuna cewa daga 1988 zuwa 2018 ana fara girbi kimanin kwana 13 da wuri idan aka kwatanta da ƙarni shida da suka gabata. Hunturu mai sauƙi yana sa toho ya fito da wuri, sai sanyin Afrilu ya same shi a buɗe, bazara mai zafi kuma tana ƙone tsamin malik kafin fata da ƙwallo su gama nuna. A 2003 da 2020 an shiga girbi a Chablis tun cikin watan Agusta, abin da kakannin manoman yau ba su saba gani ba. Saboda haka wasu suna barin ganye ya yi wa nonnan inabi inuwa maimakon su tsige shi, suna girbi da sanyin safiya, suna kuma sake duba gonakin da a da ake raina su saboda sanyinsu, wato masu fuskantar arewa da waɗanda ke saman tudu, inda ake yin Petit Chablis, wato matakin ƙasa na giyar yankin, a kan dutse mai tauri da ya fi Kimmeridgian ƙuruciya. A shekaru masu zafi, sau da yawa daga waɗannan gonaki ne ake samun inabin da tsaminsa ya kai ranar girbi bai zube ba.